Motar da Ta Ƙi Ɗaukar Inna

Ku da kuke karanta wannan a wayoyinku, ku gyara zama, domin abin da zan faɗa yau na daɗe ina yi masa kewaye. Sunana Dija, ɗiyar Sambo Bafulatani, wanda muke kira Baffa, haifaffiyar wata ruga da ke kusa da Nasarawa Burkullu. A daminar 1981 shekaruna ashirin da ɗaya, ina koyar da 'yan aji uku a wata firamare cikin garin Gummi, kuma ni kaɗai ce a rugarmu da ta taɓa riƙe alli. Ina da saurayi direba, sunansa Abdullahi. Dogo ne, baƙi, mai wushirya, in ya kafa hula a goshi sai in manta abin da nake faɗi.

Bari in fara da laifina, kafin in zo ga na wasu.

A lokacin, in ruwa ya sauka, manyan motocin kaya ba su bin hanyar Anka zuwa Gummi sai jefi-jefi. Motar da ke bi kullum guda ce, wata farar bas ta Alhaji Maikuɗi, ƙanen mahaifin Abdullahi. Shi ya riƙe Abdullahi tun yana maraya, shi ya koya masa tuƙi, ya damƙa masa makulli. A jikin ƙofar motar nan akwai rubutu da jan fenti: BA A ƊAUKAR MATAN RUGA. An ce wata rana ƙwaryar nono ta kife a kan atamfofin wani falke, aka yi rigima, Alhaji ya yi rantsuwa. Da farko ƙwarya aka hana. Daga baya aka haɗa har da mai ƙwaryar, ko da hannunta biyu ta zo.

Ni kuwa duk Juma'a in an tashi makaranta sai in ci ado da atamfata 'yar Kaduna, in kashe ɗauri, in yafa mayafi ruwan toka, agogo a hannu, takalmi mai ƙwas-ƙwas, in bi ta ƙarƙashin rubutun nan in shige in zauna bayan direba. Ni da nake koya wa yara karatu, kun san dai ba kasa karantawa na yi ba. A hanya mukan wuce ƙawayen Inna suna tafe a ƙasa cikin taɓo, ƙorai a ka, sai in tsiri neman wani abu a jaka har mu wuce. Sau ɗaya na yi wa Abdullahi maganar, ya yi dariya ya ce, "Ai ke daban ce, Malama." Kuma wallahi daɗi na ji. Allah ya yafe mini.

Mu a zamaninmu babu waya. In zan sauka yakan miƙo mini jakata da kansa, in na isa gida in tarar da takarda a ninke cikin aljihun gefe. Ta ƙarshe kafin abin ya faru har yanzu na haddace ta:

"Zuwa ga Malama Dija. Bayan gaisuwa mai yawa. Jiya na wuce makarantarku na yi oda sau biyu ba ki leƙo ba, na yafe. Baba Alhaji ya ce Asabar ta ƙarshen wata zai zo wurin Baffa da kansa neman aurenki. Shina ta faɗa ma mutane ɗansa zai auri malamar makaranta. Ki faɗa ma Inna. Naki har kullum."

Na karanta ta a bayan bukkar Inna, na sake karantawa, na cusa ta cikin ɗankwali.

A wannan zuwan ne na tarar da Inna kwance a gadonta na kara. Saniya ce ta taka mata ƙafa wurin tatsa, kwana tara da suka wuce, ta ɗaure da tsumma ta ci gaba da harkarta. Da na kwance tsumman sai da na kau da kai. Ƙafar ta kumbura kamar tulu, ƙaramin yatsan ya yi baƙi, jikinta zafi rau. Ƙoranta na jere da take wankewa kullum har sun yi ƙura.

"Inna, asibiti za mu."

"Mi za su yi min can? An sa magani."

"Litinin da safe tare za mu tafi Gummi."

Ba ta yi musu ba, a nan na san ciwon ya kai. Litinin Baffa ya ɗora ta a takarkari ya kai mu bakin hanya, ya zaunar da ita gindin tsamiya, ya koma don shanu ba su fita ba. Inna na sanye da baƙin zanenta na saƙi, 'yan kunnen tagulla, kitsonta ya sauko gefen kumatu. Ni kuma ina cikin shigata ta aiki. A raina na ce ai Abdullahi ne, zai ɗauke ta ba wanda zai ji.

Da motar ta tsaya sai gabana ya faɗi. Alhaji Maikuɗi ne zaune a gaba, ya kwana Anka zai koma gida, da babbar riga ruwan ƙasa da carbi. Bai taɓa ganin Inna ba.

"A'a, Malama! Shigo, shigo ɗiyata."

Na kama Inna na ɗago ta. Murmushinsa ya ɗauke.

"Wagga hwa? Ta tsaya nan. Ba ta ga rubutu ba?"

'Yan uwa, ga abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Shiru na yi. Ba wani dogon shiru ba, kamar numfashi uku, amma na yi shi. Idanun fasinjoji duk suna kaina, har da matar wani malamin makarantarmu. Sai Inna ta zare hannunta daga nawa a hankali, ta dube ni kamar yau ta fara ganina, ta ce,

"Tahi, Malama, kar ki makara aiki. Na gode da taimako."

Malama. Matar da ta goya ni ta tsallaka gulbi da ni. So take ta rufa mini asiri.

Ban san lokacin da muryata ta fito ba. "Alhaji, mahaifiyata ce. Ita ta haife ni. Asibiti zan kai ta, dubi ƙafarta."

Na ga kunya ta kama shi, kuma maimakon ta sauko da shi sai ta ƙara hau da shi.

"To, Allah ya ba ta lafiya. Amma in na ɗauki guda yau, gobe ashirin za su tare ni. In dole ne ta hau bisa, wurin kaya."

"Bisa? Da wannan ƙafar?"

Abdullahi ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Baba, akwai wuri har huɗu a baya."

"Tada mota."

"Baba..."

"Na ce tada mota, Abdullahi!"

Ya dube ni, na dube shi. Ya sa giya. Ina tsaye riƙe da Inna motar ta watsa mana ruwan taɓo ta wuce.

Sai bayan la'asar muka samu wata motar hatsi, ruwa ya riga ya yi mana dukan tsiya. A asibitin Gummi likita ya duba ya girgiza kai. Washegari suka cire yatsan. Ya ce mu gode Allah, da an ƙara kwana biyu ƙafar ce gaba ɗaya.

Ranar Laraba na shiga ofishin hedimastanmu, Malam Bello, don neman izinin jinya, sai kuka ya ƙwace mini. Dattijo ne mai farin gemu da tabarau mai kauri, mutum ne da ko takardar ƙunshin ƙosai ya samu sai ya karanta. Ya bar ni na gama, ya ji labarin duka, sannan ya jawo wani littafi daga durowa. Tsarin mulkin ƙasa ne, wanda aka fara aiki da shi shekara biyu kafin nan, da aka koma mulkin farar hula. Ya buɗe wani shafi ya fassara mini: ba a tauye wa ɗan ƙasa wani abu saboda ƙabilarsa, ko inda ya fito, ko yanayin haihuwarsa.

Na miƙe tsaye. "Shi ke nan! Ƙara zan kai."

"Zauna, Malama. Ba zan ruɗe ki ba. Yadda na fahimce shi, wannan shafi da hukuma yake magana, kada ita ta nuna bambanci. Alhaji Maikuɗi ba hukuma ba ne. Zai ce motarsa ce, kuma gaskiya motarsa ce."

"Wato mai abu ya wulaƙanta wanda ya ga dama ke nan?"

Ya cire tabarau ya goge da bakin riga. "A ina yake lodi?"

"Tasha."

"Tashar wa?"

"Ta ƙaramar hukuma."

"Wa ya ba shi izinin tsayawa a cikinta yana kiran fasinja?"

Sai na ji wani abu ya buɗe a kaina.

"To ta nan za ki shiga," in ji shi. "Ban ce za ki ci ba. Na ce akwai ƙofa."

Ranar Alhamis na shigar da ƙara a kotun alƙali. Kafin Juma'a labari ya gama Gummi: malamar nan ta kai surukinta kotu tun ba a kawo goro ba.

Wadda ta fara zuwa ita ce Turai, mahaifiyar Abdullahi. Ta zo asibiti da kwanon samira cike da tuwon shinkafa da miyar kaza, ta gaida Inna har ƙasa, sannan ta ja ni waje.

"Ɗiyata, abin da aka yi muku bai kyautu ba, na faɗa ma Alhaji. Amma cikin gidansa nike zaune tun rasuwar mijina. Shi ne uban Abdullahi, shi zai nema mai aure. In kin ja shi gaban alƙali, da wane baki zai je rugarku? Ki janye, don Allah."

Na ce, "Inna Turai, in na janye, gobe da wane ido zan shiga motar nan?"

Ta ɗauki mayafinta ta tafi.

Na Baffa ya fi zafi. Asabar na je ruga ɗauko wa Inna kaya, na same shi zaune a kan buzu kusa da garke, hayaƙin korar ƙuda na tashi, sandarsa a kan cinya. Bai amsa gaisuwata da kyau ba.

"An ce kin kai ƙara."

"Na kai, Baffa."

"Da izinin wa?"

Na sunkuyar da kai.

"Tun kakana, duk wanda ya shiga kotu daga gidan ga da shanu ya shiga, ya fito babu su. Mu ba mu kai kukanmu kasuwa. Munyal aka san mu da shi, haƙuri, a cije a yi shiru. Ke boko ya cire miki kunya. Za ki sa a kira sunan uwarki gaban maza, a buɗe ƙafarta a kalla. Kuma kin kashe aurenki da hannunki."

Maganar auren ta soke ni, don gaskiya ce. Na ce, "Baffa, shekara biyu muna haƙurin nan. Yatsan Inna aka ba mu lada."

Ya ɗaga sanda ya nuna mini hanya. "Ƙafata ba ta taka kotun nan."

Na koma asibiti na ce wa Inna in ta ce in bari zan bari. Tana kwance tana kallon rufi. Can ta ce,

"Ni ban iya magana gaban alƙali ba. Amma in an ɗauke ni, zan je in zauna."

Abdullahi kuwa takarda uku ya aiko, ban buɗe ko ɗaya ba. Ana jibi za a shiga kotu ya tare ni a ƙofar makaranta. Ya rame, hular ma a karkace take.

"Dija, ki saurare ni."

"Malama dai. Ai ni daban ce."

Ya runtse ido. "Tun ranar nan ban yi barcin kirki ba. Na ja motar ina ganinku a madubi har kuka ɓace."

"Amma ka ja."

"Na ja. Jiya Baba ya ba ni farin fenti ya ce in shafe rubutun. Zai ce ma alƙali ba a taɓa yin shi ba, mota ce ta cika."

Na riga na bi fasinjoji uku gida-gida, kowa ya ce bai ga komai ba. Wa zai ɓata da mai mota ɗaya tilo a hanya?

"Ka shafe?"

"Na shafe."

"To na sa sunanka cikin shaidu. In an kira ka, ka faɗi abin da za ka iya kwana da shi."

"Shi ya rene ni, Dija. Ko wandon da ke jikina shi ya ɗinka min."

"Na sani. Ban ce ka zaɓe ni ba. Ka je ka duba ƙafar Inna, ɗaki na biyu, gado na bakin taga."

Na wuce ban waiga ba, ina shiga aji na fashe da kuka a gaban yara.

Ranar shari'a na sa farar atamfa mai ɗigon shuɗi, amma na roƙi wata ƙawar Inna ta yi mini kitson gida, na bar shi ya sauko gefen kumatu, na sa 'yan kunnen tagulla. Malam Bello ya samo amalanke aka ɗauko Inna daga asibiti. Muna karyo kwanar kotu na tsaya cak.

Mata ne cike da filin. Matan rugage, daga wajen Nasarawa, daga hayin Bukkuyum, har da waɗanda ban sani ba, wasu tun asuba suke tafe a ƙasa. Kowace ta sauke ƙwaryarta a gabanta, faifai a rufe, ta zauna. Ba wadda ta buɗe. Masu fura na ta zarya suna roƙo, su ko kallo. Ranar nan duk mai son fura a Gummi da ruwa ya dama.

Alƙali tsoho ne siriri mai rawani, maganarsa a hankali kamar mai jin barci. Na faɗi ƙarata. Ya juya ga Alhaji Maikuɗi.

"Allah gafarta Malam, ƙarya ce. Mota ta cika ranar nan. Rubutu kuma, ga mota nan waje, a je a duba."

Aka aika muhuti, wato ma'aikacin kotu, ya dawo ya ce ƙofa fara ce tas. Alƙali ya ce, "Mai ƙara, ina shaidunki?"

Na kira fasinjojin, babu ko ɗaya. Na ce, "Saura direba."

"Abdullahi!"

Ya taso daga bayan Alhaji. Bai dubi kowa ba. Da ya zo wucewa ta gaban Inna sai ya rage tsawo ya gaishe ta, ta amsa kamar sun saba. Daga baya na ji ashe ya je asibitin, ya zauna bakin gadonta har aka kori masu dubiya.

"Mota ta cika ranar?" in ji alƙali.

"Akwai wuri huɗu, Allah gafarta Malam."

"Rubutu fa?"

"Shekara biyu shina nan. Ni na shafe shi da hannuna ranar Lahadi. In an kankara da wuƙa za a ga jan a ƙasa."

Alhaji ya zabura ya miƙe, carbinsa ya faɗi. "Kai! Ni za ka tona? To awo, na hana! Na hana, kuma gobe ma in hana! Motata ce, da gumina na saye ta, ba gwamnati ta ba ni ba. Wanda na so shi zan ɗauka!"

Alƙali ya bar shi ya gama huci. Sannan ya dubi magatakarda ya ce, "Rubuta, ya amsa da bakinsa." Ya juyo.

"Alhaji, gidanka naka ne?"

"Nawa ne."

"In ka hana ni shiga zaurenka, ba ni da ƙara. Motar da kake hawa kai da iyalinka ma haka. Amma wannan, a ina take tsayawa?"

"Tasha."

"Filin tasha naka ne?"

"Na hukuma ne."

"In ana lodi, mi ake kira?"

Alhaji ya ce, "Anka, Anka."

"Ana cewa Anka ban da wance?"

Wani ya yi dariya a baya, muhuti ya tsawatar.

"Ka tsaya a filin jama'a, da izinin hukumar jama'a, ka kira jama'a. Wanda ya amsa kiran ya zo da abin biyansa, ba ka da ikon mayar da shi don uwar da ta haife shi. Kana iya cewa ƙwarya ta hau bisa a ɗaure ta, wannan maganar kaya ce. Kana iya sauke mai faɗa ko mai maye, wannan abin da ya aikata ne. Wagga baiwar Allah mi ta aikata?"

Alƙali ya ci gaba:

"Takardar da malamar nan ta kawo ta hana hukuma bambanta 'yan ƙasa. Hukumar da aka hana, ba za ta ba wani aron filinta ya yi abin a madadinta ba. Addini kuma ka san abin da ya ce tun kafin takarda. Na yanke: mace ta ruga ta shiga motarka ta zauna inda kowa ke zama. Zan rubuta wa ƙaramar hukuma da sarkin tasha, ranar da aka sake mayar da wata, a hana motar lodi a tasha."

Sannan ya dubi Inna, ya sassauta murya. "Baiwar Allah, an cuce ki. Kina neman wani abu a kansa?"

Inna da ta ce ba ta iya magana gaban alƙali ba, ta gyara zama a kan tabarma ta ce, "Yatsa dai ba ya dawowa. Ban son komi nai. Su waɗancan na waje, a bar su su huta da tafiyar ƙasa."

Ban san wanda ya kai labari waje ba. Guɗa kawai muka ji ta tashi, wata ta karɓa, wata ta karɓa, har alƙali ya ɗaga hannu ya gaji ya sauke yana murmushi. Da muka fito mata suka yanyame ni, wannan ta kama hannu, wannan ta shafa kai, tsofaffin da nake ɓoye wa fuska a mota suna ce mini ɗiyarmu, ɗiyarmu. Aka buɗe ƙorai, duk wanda ke wurin ya sha kyauta, har da muhuti. Malam Bello na gefe ya cire tabarau yana ta gogewa, wai ƙura ce ta shiga masa ido, alhali ƙasa jiƙe take sharkaf.

Can nesa, gindin wata bishiyar bedi, na hango mutum tsaye da malafa, sanda a gicciye bisa kafaɗu. Baffa ne. Gaskiyarsa, ƙafarsa ba ta taka kotu ba, a waje ya tsaya. Muna haɗa ido ya juya ya kama hanya.

A gaban mutane Alhaji ya miƙa wa Abdullahi hannu. "Makullina." Abdullahi ya ciro ya ba shi da hannu biyu. "Kuma kar in iske ka gidana." Ya ce to.

Kwana huɗu bayan haka aka sallami Inna. Sarkin tasha da kansa ya tsaya a bakin ƙofar farar bas, sabon direba na zaune yana cin magani. Mata bakwai na ruga suka shiga a gabana, ƙorai ɗaure a bisa. Wata tsohuwa ta zauna ta shafa kujerar, ta yi tsalle kaɗan a kai ta ji laushi, ta ce da Fulatanci ashe abin da suke ta rowa ke nan, motar duka ta kwashe da dariya har da 'yan gari. Na zauna kusa da Inna, ƙafarta a kan cinyata. Duk wadda muka tarar a hanya da ƙwarya sai Inna ta buga jikin mota ta ce, "Direba, tsaya, ga mutum." Kuma ya tsaya.

Asabar ta ƙarshen wata ta zo. Ban yi kitso ba, ban sa lalle ba, don na san ba mai zuwa. Ina durƙushe ina wanke ƙoran Inna da hantsi sai karnuka suka hau haushi. Na ɗaga kai. Mutum biyu ne tafe a ƙasa ta cikin gero, taɓo har gwiwa: Inna Turai a gaba da ƙunshin goro a ka, Abdullahi a baya riƙe da takalmansa.

Na ruga bukka. Ta tsakanin karan bango nake leƙe. Aka shimfiɗa musu tabarma, Baffa ya zauna a kan buzunsa, aka gaisa, aka sake gaisawa.

Inna Turai ta ce, "Malam Sambo, na san ba mace ke zuwa neman aure ba. Wanda ya kamata ya zo ya ce ba shi ba mu. Mun bar gidansa, muna wurin ɗan'uwana. Yaron ga ba shi da aiki yau, ba shi da ɗaki. Abin da ya rage mai shi ne abin da kuka ji ya faɗa gaban alƙali. In za ku karɓi limamin unguwarmu a madadin uba, sai mu turo shi."

Baffa ya daɗe yana zane a ƙasa da bakin sanda. Inna na kusa da ni a gado, ta damƙe hannuna har yana zafi.

"Yaro," in ji Baffa, "kai ka ja motar ranar nan?"

"Ni ne, Baffa."

"Kai kuma ka yi magana a kotu."

"Ni ne."

"To. Ta farko na riƙe ta, ta biyu ta goge ta. Aiki kuwa, mai hannu ba ya rasawa. Na ba ka Dija."

Na toshe bakina da zane don kada ihu ya fita. Inna Turai ta fara godiya, Baffa ya ɗaga mata hannu.

"Ban gama ba. Ku ɗauki goronku ku koma da shi. Liman mutumin kirki ne, amma ba shi ya rene shi ba. Yaron ga yana da uba, kuma ba a gidana za a raba su ba. Maikuɗi nike so. Ya zo da ƙafarsa, ya zauna bisa tabarmar ga, ya dubi uwar yarinya ya gaishe ta, sannan ya roƙa. Ranar da ya zo, ranar za a sa rana."

Abdullahi ya ɗago kai a firgice. "Baffa, in ya ƙi fa?"

Baffa ya miƙe, ya saɓa sandarsa, ya dubi bukkar da nake ciki kamar yana ganina ta cikin kara.

"Wadda ta kai shi gaban alƙali," ya ce, "ba ta rasa yadda za ta kawo shi ruga."